Etrian Odyssey: hawa na uku ya gagare ni, ina ne kuskuren?

Ɗan_Jidda

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san gem ɗin Etrian Odyssey na farko, wanda Atlus ta sabunta ta fitar a Switch da Steam a 2023, ina neman shawara. Na sa shi a Expert saboda an ce shi ne daidai da wahalar na asali da ya fito a na'urar DS. Ayarina mutum biyar ne: Landsknecht da Protector da Dark Hunter a sahun gaba, Medic da Alchemist a baya, kowa yana lebul 9 ko 10.

Hawa na ɗaya na kurmin na zana taswirarsa, Radha, hukumar garin, ta karɓa. A na biyu barewar nan mai ruɗa mutane ta shafe ni sau uku kafin na lallaɓa na wuce. Yanzu a na uku ga wani ƙaton ƙoƙi-ƙoƙi, sara ɗaya yake yi mutum ya faɗi. Kuɗi kuma ba sa zama: abin da na samo a kurmi yana ƙarewa a tayar da waɗanda suka mutu da kuɗin masauki, ban isa in sayi sulke ba. Makin fasaha na rarraba su, kowace fasaha na ba ta ɗaya ko biyu don in ga aikinta.

Shin in tsaya a hawa na biyu in yi ta kisa har lebul 20, ko in rushe ayarin in sake? Sannan gem ɗin nan yana da labari kuwa? Har yanzu ba na ganin komai sai "je ka zana", "je ka kashe". Babu Larabci a cikinsa, da Turanci nake lallaɓawa, ko wani abu ne ya wuce ni ban lura ba?

Bamakke

Wa alaikumus salam. Ƙanena, lebul ɗinka bai yi ƙasa ba. Matsalar ita ce kana yaƙar abin da aka ajiye don ka kauce masa. Ƙoƙi-ƙoƙin nan sunansa Stalker, barewar kuma Ragelope, dukkansu cikin jinsin da ake kira FOE ne, wato dodannin da kake ganinsu a taswira kafin ku haɗu. Stalker an sa shi a farkon hawa na uku ne musamman don ya koya maka gudu. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ko ka kai lebul 20 zai iya kwantar maka da mutum a sara ɗaya in babu kariya. Ka bar shi, ka dawo masa bayan ka gama kashi na farko na kurmin, wato hawa biyar na farko, da kaya masu kyau.

Ga yadda suke aiki. Ba sa motsi sai ka motsa: taku ɗaya naka, taku ɗaya nasu. Juyawa dama ko hagu ba taku ba ne, don haka kana iya tsayawa ka duba taswira iya son ranka. Wasu suna da hanyar sintiri da ba sa saɓa mata, wasu suna tsaye sai ka shiga gabansu su biyo ka. Da ka shiga sabon ɗaki, kada ka nufi tsakiya. Ka yi taku biyu gaba, biyu baya a bakin ƙofa, kana kallon inda alamar take zuwa, har ka gane zagayenta. Ba sa ratsa ƙofa, saboda haka ƙofa ita ce mafakarka.

Abin da ke kashe yawancin sababbi shi ne wannan: in kana faɗa da ƙananan dabbobi, kowane zagaye na faɗan taku ɗaya ne ga FOE. Faɗan zagaye huɗu a kusa da Stalker yana nufin ya yi taku huɗu zuwa gare ka, sai ka ga ya faɗo cikin faɗan kana da rabin jini. Maganinsa yana kusurwar allo. Akwai ɗigon da ke sauya launi daga shuɗi zuwa kore zuwa rawaya zuwa ja, yana nuna kusantar faɗa. Kada ka tsallaka hanyar FOE ɗigon yana rawaya ko ja. Ka koma bayan ƙofa ka yi ta kai-komo har faɗan ya zo, ka gama shi, ɗigon ya koma shuɗi, sannan ka ratsa ɗakin da lissafi. Kuma in FOE ya riske ka bayanka yana jingine da bango, gudu ba zai yiwu ba. Ka kula da abin da ke bayanka kafin ka bari ya taɓa ka.

Sai zare. A shagon Shilleka akwai Ariadne Thread, a DS sunansa Warp Wire, kuɗinsa 100. Yana mayar da kai gari daga ko'ina in ba a cikin faɗa kake ba. Dokar ita ce da ka dawo gari, shi za ka fara saya kafin ka kalli takobi, tun kuɗin suna hannu. Mutane da yawa suna sayar da kaya, su ga sabon gatari, su manta zaren, sai a hawa na huɗu su buɗe jaka su tarar babu. Lokacin amfani da shi kuma ba sai mutum biyu sun faɗi ba: da TP ɗin Medic, wato ƙarfin da fasaha ke ci, ya rage na warkarwa biyu, khalas, ka koma. Abin da ke cinye maka kuɗi shi ne tayar da matattu a wurin mai magani, wanda farashinsa ke hawa da lebul, kamar yadda na masauki ke hawa. Zare ɗaya da kwana ɗaya sun fi arha a kan gawa biyu.

In aka shafe ayarin gaba ɗaya, komai na tafiyar ya tafi, amma gem ɗin zai tambaye ka ko ka ajiye taswirar. Kullum ka ce e. Taswirar ita ce ainihin ribar kowace shiga.

Kan taswirar, abu biyu. Na ɗaya, duk lungun da ya ƙare a bango, ka fuskanci bangon ka duba ko zai ba ka damar bincike. Akwai ɓoyayyun hanyoyi da ke haɗa kusa da matakalar hawa da kusa da ta sauka, kuma su ne ke mayar da tafiyar taku ɗari ta koma ashirin. Ka sa musu alamar kibiya nan take. Na biyu, ka yi amfani da rubutun taswira. Wurin sarar itace, wurin da wani abu ya faru, ƙofar da ke kulle da ba ka da mabuɗinta tukuna, duk ka rubuta. Filin furannin nan na hawa na ɗaya da ake tayin ka huta, in ka amsa malam-buɗe-littafi masu dafi su taso maka, misali ne na wurin da ya cancanci rubutu.

Kuɗi kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ayari na biyu. Ka yi rajistar Survivalist huɗu ko biyar a ƙungiya, ka zuba musu makinsu na farko duka a Chop, ka kai su wurin sarar itace na hawa na ɗaya, su cika jaka, ku dawo. Yawan sarar da za a yi a rana ya danganta da jimillar makin da ayarin ke da shi a fasahar, kuma yana sabuntawa in gari ya waye. Jaka tana ɗaukar abu 60 ne kawai, don haka kada su tafi da tarkace. Ka sayar da komai ga Shilleka, kada ka ɓoye: sabon makami ba ya fitowa a shagon sai an sayar mata da kayan haɗa shi, wani ma sai an kai adadi. In za ka kashe kuɗin, sulken sahun gaba ne farko. Alchemist ba ya bukatar sanda mai tsada, ƙarfin sihirinsa ba daga makami yake ba.

'Yar_Madina

Yaya Bamakke ya gama da batun tafiya, saura makin da ka watsar, Malam. Wannan shi ne rabin ciwon. Kowane lebul maki ɗaya yake ba ka, iyakar lebul a wannan gem ɗin 70 ne, kowace fasaha kuma tana hawa har 10. Ka lissafa: mutum ɗaya a duk rayuwarsa fasaha shida ko bakwai zai iya cikawa, har da waɗanda ake bi ta kansu don buɗe wasu. Fasahar da ke lebul 1 kusan ado ce. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Akwai Rest a ƙungiya, mai mayar maka da makin duka ka sake rabawa, amma da ladan lebul: a DS goma ake cirewa. Ga wanda ke lebul 9 ko 10, ya fi sauƙi ka yi rajistar sabo ka ɗauke shi tare da tsofaffin. Ka sauya mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda, ka sa sabon a sahun baya yana Defend, cikin shiga uku ko huɗu zai taso. Kada ka rushe duka biyar rana ɗaya.

Medic ne farko. Cure kaɗan ya isa, sai Salve mai warkar da kowa, daga nan ka miƙe zuwa Immunize. A rubuce fasahar rage cutarwar wuta da ƙanƙara da tsawa ce, amma a wannan gem na farko tana rage har da sara da suka da duka. A lebul 10 tana sauya gem ɗin gaba ɗaya, shi ya sa Atlus ba ta bar ta haka ba a Etrian Odyssey na biyu. In sandar Boost ta cika 100, ka danna ta a zagayen da za ka yi Immunize, domin Boost yana ƙara wa fasaha lebul biyar a wannan zagayen, kuma kariyar da ka kafa da shi tana ci gaba da wannan ƙarfin har ta ƙare. Wannan shi ne mafi amfanin Boost ɗin Medic, kada ka ɓata shi a kan Cure.

Protector: Front Guard a yanzu, saboda shi ne zai hana sara ɗaya ya kwantar da mutum, sannan ka bi ta Back Guard ka buɗe Defender, mai ƙara wa ayarin duka kariya. Defender da Immunize tare su ne ginshiƙin duk wani babban faɗa har ƙarshe. Akwai kuma Flee, wadda ke fitar da ku daga faɗa ta mayar da ku matakala. Maki ɗaya a cikinta ba asara ba ne.

Ga tarkon da ya kamata ka sani tun yanzu, ko da sai can gaba zai yi maka amfani. Antifire da Anticold da Antivolt, ka tsayar da kowacce a lebul 5 daidai. A 5 tana shafe harin gaba ɗaya, har da cutar da ke biye da shi. Daga 6 zuwa sama tana mayar da harin ya zama ƙarin jini, abin da ke kama da ci gaba, amma cutar da ke tare da harin tana ratsowa. Dodanni ukun nan na bayan kammala labari, na wuta da na ƙanƙara da na tsawa, da wannan ake cin su, kuma wanda ya kai fasahar 10 sai ya yi Rest ya gyara.

Ka kuma riƙe cewa mutum ba ya ɗaukar ƙarin ƙarfi fiye da uku a lokaci guda. In na huɗu ya shigo, mafi daɗewa ya fita, ba tare da gargaɗi ba. Masu Troubadour ne suka fi faɗawa ciki: Immunize, Defender, Bravery, sai su ƙara Relaxing don TP, Immunize ta fice, zagaye na gaba a kwashe su suna mamaki.

Alchemist: ka zaɓi abu ɗaya, wuta ko tsawa, ka kai shi wajen 5, ka sa sauran a TP Up. Ka lura duk lokacin da fasaha ta hau, TP ɗin da take ci yana hawa, don haka kai ta 10 da wuri zai sa ya yi harbi uku ya zauna. Poison tana da ƙarfi ƙwarai a kan FOE na hawa biyar na farko, amma adadin da take cirewa ba ya girma da kai, zuwa tsakiyar kurmi ta zama ba komai. In ka bi ta, ka sa a ranka za ka yi Rest daga baya.

Dark Hunter ɗinka ne nake shakka. Bulalarsa tana ɗaure kai da hannu da ƙafa: Gag, Cuffs, Shackles. Ɗaure kai yana hana sihiri da ihu, na hannu yana rage duka ya hana fasahar hannu, na ƙafa yana hana kaucewa da gudu. In ukun suka kama, Ecstasy tana yin ɓarna mai yawa. Amma kafin ya kai nan yana bukatar maki masu yawa, kuma jikinsa ba ya ɗaukar duka a sahun gaba. Ga mai farawa, Survivalist a sahun baya ya fi: Multihit da Apollon suna cikin hare-hare mafi ƙarfi a gem ɗin, kuma 1st Turn tana sa Medic, wadda ke da nawa, ta riga kowa motsi a zagayen da ake bukatarta. Sahun gaba na mutum biyu, baya uku, ba laifi ba ne.

Barewar da ta dame ka, ruɗewa take sawa, mutanenka su sari junansu. Ka riƙe Theriaca B biyu a jaka. A ta kwance ɗauri ce, B ta cuta, mutane suna yawan musanya su. Kuma ba Medic kaɗai ke iya ba da magani ba, in ita ce ta ruɗe kowa zai iya.

Ɗan_Jidda

Allah ya saka da alheri, Yaya Bamakke da 'yar'uwa. Batun ɗigon nan wallahi ban taɓa haɗa shi da FOE ba. Zan sauya Medic da Dark Hunter tukuna. Saura labarin. Ban damu a faɗa min ƙarshensa ba, so nake in san ko akwai abin da nake nufa, don hawa 30 ba wasa ba ne.

Malam_Riyad

Tayyib, tunda ka yarda. Wanda bai so a ɓata masa, ya tsallake wannan amsar.

Labarin yana nan, sai dai ba a baki ake ba da shi ba. Kazuya Niinou, wanda ya jagoranci na 2007, ya gina shi a kan tsarin tsofaffin wasanni irin Wizardry, inda mutanenka ba su da magana kuma ba su da tarihi sai wanda ka ƙirƙira musu. Saboda haka ba Turancinka ba ne ya gaza. A hawa goma na farko da gaske babu abin da ake gaya maka sai aiki. Kurmin kashi shida ne, kowanne hawa biyar, labarin yana ƙarewa a na 25, biyar ɗin ƙarshe ƙari ne ga masu neman wahala.

Ka lura da garin Etria kansa. Ƙaramin gari ne da ya yi arziki saboda ramin da aka gano a gefensa. Mai masauki, mai shago, mai magani, mai mashaya, kowa da masu shiga kurmi yake ci. Radha, hukumar garin, ita ke ba ka manyan ayyuka, shugabanta kuma Visil. A hawa na uku da kake yanzu za ka haɗu da mata biyu, Ren mai takobi da Tlachtga mai tsafi, waɗanda za su taimake ka a batun kyarkeci. Ka riƙe fuskokinsu.

A kashi na uku wata yarinya da ba mutum ba, Kupala, za ta fara tare ka tana cewa ka koma, akwai tsohon alkawari tsakanin mutanenta da 'yan Adam cewa ba za a shiga ƙasan kurmin ba. In ka kai wa Radha rahoto, amsar da za a ba ka ita ce aikin kashi na huɗu: a shafe mutanen kurmin. Babu zaɓi. Ko ka karɓi aikin ko gem ɗin ya tsaya a nan. A ganina wannan ne wurin da rashin surutun gem ɗin ya yi aikinsa. Hawa goma sha biyar ka saba da zuwa Radha, ka karɓi takarda, ka aikata, ka karɓi lada, har ka daina karantawa. Takardar kisan ƙare-dangi ta zo maka a siffar da ta zanen taswira ta zo, a teburi ɗaya, da lada a ƙarshe. Ba wanda ya yi maka wa'azi a kai, kai ne za ka tsaya ka ce, af, me na sa hannu a ciki?

Bayan hawa na 20 sai ka sauka ka ga abin da ba ka zata ba: benaye na zamani da bishiyoyi suka cinye, gilasai, lif da ba wuta sai ka kunna. Sunan kashin Lost Shinjuku, wato unguwar Shinjuku ta Tokyo. Duniyar takobi da sihirin da ka ɗauka ta tatsuniya ce, ashe tamu ce bayan ta lalace. Takardun da za ka tsinta a ɗakunan suna bayanin wani shiri na masana, Yggdrasil, na tsarkake ƙasa daga gurɓata ta hanyar wannan bishiya, shirin da ke bukatar shekaru masu yawan gaske. Visil yana cikin masanan, ya haɗa jikinsa da bishiyar don ya rayu ya tsare ta. Kuma ya san in asirin kurmin ya tonu, masu shigowa za su watse, garin ya mutu. Don haka tsarinsa shi ne a yi ta shiga, kada a kai ƙarshe. Aikin kashi na huɗu an ba ka shi ne da fatan ba za ka dawo ba. Da ka dawo, sai ya tura Ren da Tlachtga su tare ka a hawa na 21. Shi kansa za ka same shi a na 25.

Ko kiɗan Yuzo Koshiro a wannan kashin ya bambanta da na sauran, sanyi gare shi kamar na ta'aziyya, ga wanda ke buɗe sauti.

In kana son labari mai mutane masu magana, akwai sake-ginin da aka yi a 3DS a 2013, Etrian Odyssey Untold, mai ayari shiryayye da yarinyar da ta farka daga dogon barci. Amma shagon intanet na 3DS an rufe shi a Maris 2023, sai dai kaset in ka samu na hannu, kuma 3DS tana da kullen yanki, dole kaset ya dace da na'urar. Ni dai ina ganin na asalin ya fi duka, saboda a can bayanin ya yi yawa har ya rage wa saukar hawa na 21 nauyi.

Abu_Taswira

Ina da ja kan abu biyu, da girmamawa ga manya.

Malam_Riyad, rashin zaɓi a kashi na huɗu ana iya karanta shi yadda ka karanta, amma ana iya cewa kuma gajartar rubutu ce. Bayan an gama da mutanen kurmin, garin bai ce uffan ba, gem ɗin ma bai koma kan maganar ba. Hikima ce ko ƙarancin kuɗin aiki, kowa da fahimtarsa.

Na biyu, 'yar'uwa ta ce a miƙe zuwa Immunize, gaskiya ne tana aiki, amma Ɗan_Jidda ya sani cewa in ya cika ta da Boost, manyan faɗa da yawa za su zama danna-danna. Wanda ya zaɓi Expert don ya ji a jikinsa yana iya barin ta a 5. Haka kuma ba abin kunya ba ne ya sauke zuwa Basic ya wuce inda ya maƙale. Sabon yana da Picnic da Basic da Expert. Akwai kuma zaɓin da ke zana maka bango da kansa yayin da kake tafiya. A Switch, inda babu alƙalamin DS kuma allon ya rabu biyu, wannan yana rage gajiyar yatsa, amma ƙofa da matakala da ɓoyayyar hanya har yanzu kai za ka sa musu alama.

Ga abin da ke gabanka, ɗan'uwa. Fenrir, babban kyarkeci, yana hawa na biyar, kewaye da kyarkeci waɗanda su ma FOE ne. Dokar da Yaya Bamakke ya faɗa tana aiki a nan: kowane zagaye suna matsowa, su shigo faɗan ɗaya bayan ɗaya. Ka janyo na kusa da ƙofa ka kashe su ɗai-ɗai kafin ka taɓa babban, ka shiga da Boost a cike, zagayen farko Defender da Immunize, kuma Landsknecht ya kasance da Allslash in takobi yake riƙe, don sharar waɗanda suka shigo. Lebul 16 zuwa 18 da makin da aka tara wuri ɗaya ya isa. Da ka ci shi kada ka yi zare tukuna in kana da sauran jini: sauka hawa na shida, sandar haske tana kusa, ka taɓa ta. Ita ce ke ba ka damar yin sebin a cikin kurmi da kuma farawa daga nan maimakon daga sama. Irinta tana 6 da 11 da 16 da 21 da 26 ne kawai, shi ya sa ɓoyayyun hanyoyi suke da muhimmanci a tsakani.

Hawa na bakwai yana da ƙasa mai cin jini a kowane taku, ka ba ta launi dabam a taswira. Na takwas yana da maɓuɓɓugar da ke cika jini da TP, kuma a can ne ake aikin kwana biyar ba fita; ka nemi lungun da babu faɗa kusa da ruwan ka yi ta zagaye. Cernunos, babban dodon hawa na 10, yana kiran masu warkar da shi, kuma yana da zagayen ramuwa da in ka sare shi a ciki za ka sha mamaki. Na hawa na 20 kuwa, tsuntsun, ko ka kashe shi zai tashi muddin akwai FOE ɗaya da ya rage a hawan. Ka zana hawan duka, ka share su, sannan shi, kuma kada ka yi ta kwana a masauki a tsakani domin FOE suna dawowa bayan kwanaki.

Ayyukan mashayar Golden Deer a wannan gem ɗin ba sa ba da ƙwarewar hawa lebul, kuɗi da kaya kawai, don haka kada ka dogara da su wajen tasowa. FOE kuwa suna bayarwa sosai, saɓanin na biyu a DS inda aka hana su. Ragelope ɗin da ta shafe ka sau uku, ka koma mata da Front Guard da Theriaca B a lebul 12 ko 13.

Tunda babu abin da ke motsi sai ka taka, in aka kira salla kana tsakiyar kurmi ka sa Switch ɗin barci kawai, ko a gaban Stalker kake zai jira. Caji dai za ka duba kafin ka ajiye, don sebin ɗinka na ƙarshe yana masaukin Rooster.